Gicciyen Gwaggo

Yau kwana arba'in da rasuwar Gwaggo, yayar mahaifina. Ba a daka gumba ba, ba a soya waina ba, ba wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu. Shi ya sa na ɗauko littafin da nake shirya wa 'yan aji huɗu darasi a ciki, na juya shi ta baya, na ce bari in rubuta abin da na sani nata. In ban rubuta ba, babu mai yi. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, waɗanda suka san ta kuwa sun fi son a yi shiru.

Ranar Laraba ta cika, da hantsi. Kafin azahar labari ya zaga unguwa, mata suka fara shigowa wurin Innata, don ba su san wanda za su yi wa gaisuwa ba in ba ita ba. A nan na ga manyan mata suna tuntuɓe da harshensu. Wata tsohuwa da muke katanga ɗaya da ita ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ji..." sai ta tuna Gwaggo Kirista ce, ta haɗiye sauran, ta ce, "Allah dai ya ba ku haƙuri." Wata ta dafe ƙirji ta ce, "Au, dama tana nan da ranta?" Alhali kullum ta ƙofar Gwaggo take bi in za ta kai niƙa. Wata ta ce, "Ta huta, baiwar Allah." Ta kusa da ita ta karkace baki ta ce, "Ina fa hutu," tana zaton ban ji ba. Na ji. Na kuma miƙa mata ruwa da hannuna, don haka aka koya mana.

Bayan azahar sai ga matan coci a bayan akori-kura, su goma sha wani abu, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Suka tsaya a lungun da ƙofar Gwaggo take, suka yi waƙa biyu. Wallahi waƙar ta yi daɗi. Amma ko ɗaya ba ta sa ƙafa a ɗakin ba. Shugabarsu tana waƙar tana riƙe da hankici kusa da hanci, ga shi kuwa babu abin da ke tashi a ɗakin sai ƙanshin sabulu.

Baba yana zaure da rediyonsa. Wani abokin sana'arsa, dillalin shanu a kara, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ya haƙuri?" Baba bai ko rage muryar rediyon ba ya ce, "Ni nawa haƙurin na yi shi tun shekara ashirin da suka wuce."

Gwaggo ce babba a ɗakin su Baba, a Kausani aka haife su. Uwarsu ta rasu Baba bai daɗe da yaye ba, Gwaggo ce ta goye shi, ta tauna masa tuwo, ta wanke masa kashi. Auta take ce masa, har ya yi furfura bai tashi daga Auta ba. Ni kuwa sunan uwar tasu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini.

An yi mata aure a Darki. Shekara uku da tarewa wasu jajayen tabbai suka fito mata a baya, ta ƙone da garwashi ba ta ji ba, aka gane kuturta ce. Mijin ya sallame ta da rana tsaka. A gida aka yi mata bukka a gefen gona, aka ware mata ƙwarya da ludayi. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya zage ta ido da ido, amma kowa ya zo sai ya ce ta yi ta istigfari, ba a san abin da ta yi wa Allah ba. Da ƙafarta ta fara ruɓewa ta ji labarin asibitin kutare na mishan, ta ɗaure ƙafar da tsumma ta kama hanya ita kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ta yi can.

Ina 'yar shekara bakwai ta dawo. Lokacin Baba ya bar noma, ya dawo Wudil yana dillancin shanu. Na tuna ta a tsakar gidanmu da ƙullin kayanta a ka, doguwa, baƙa, hancinta ya ɗan lotsa. Hannun hagu dungu ne, na dama yatsa biyu da rabi. Ta zo da takardar likita cewa ta warke, ba ta sa wa kowa cutar. Baba ya rungume ta yana kuka yana cewa, "Yaya! Yaya!" Sai da ta sunkuya za ta ɗauki buta, wani ɗan itace ya leƙo daga wuyan rigarta, a baƙin zare. Gicciye ne, bai kai tsawon yatsa ba.

Baba ya ce, "Mene ne wannan, Yaya?"

Ta ce, "Abin da ka gani ne, Auta."

Kwana uku suna abu ɗaya. Baba ba jahili ba ne, ya yi karatun allo ya sauke, kuma ba da ihu ya fara ba. Ya ce, "Yaya, mu ma muna son Annabi Isa. Amma ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi. Yaya za a yi Allah ya bar annabinsa a hannun 'yan iska su rataye shi tsirara? Ruɗar ki aka yi da allura da bandeji."

Ta ce, "Na ji ka. Kai kishin girmansa kake, ba ka son a ce an wulaƙanta shi. Ni kuwa wanda aka wulaƙanta nake nema."

Ya ce, "In za ki zauna gidana, sai kin cire shi."

Ta ce, "Ba zan cire ba. Zan dai tura shi cikin riga, kada ya tsone maka ido."

A kan haka suka tsaya. Baba ya ba ta ɗakin baya inda ake ajiye dusa, ya sa aka toshe ƙofar da ke kallon tsakar gida, aka fasa wata ta lungu. Daga ranar bai ƙara ce mata Yaya ba. In zai yi maganarta sai ya ce "ta ɗakin baya". Duk kaka yana aika mata da dawa da gero ta hannun Inna, wannan ba zan ɓoye ba. Amma shekara ashirin bai zauna ya ci abinci inda take ba.

An hana ni zuwa wurinta, don haka kullum ina can. Ba ta yi bara ba ko sau ɗaya. Wani ya ba ta aron ɗan fili a fadama, ƙasa da gadar garin, take ɗaure fartanya a hannu da robar tayar keke, ta noma albasa da yakuwa da tattasai. Ba mai sayen kayan miya a hannun kuturwa, sai ta ba wata mata ta kai mata kasuwa a matsayin nata. Rabin unguwarmu sun sha miyar albasarta ba su sani ba, abin yana ba ta dariya ƙwarai. Tana da awaki uku, kuma da su take faɗa in ba ta sami mutum ba. Baki gare ta, kada wani ya ɗauka waliyyiya nake bayani. In ka ɓata mata rai za ta wanke ka tas, ta kuma tuna maka abin da kakanka ya yi. Sau da yawa ni nake jin ƙaurin fata in ce, "Gwaggo, hannunki!" sai ta janye shi daga murhu ta duba ta ce, "Kai, wannan hannu ba ya kawo rahoto."

Da azumi ba ta hura wuta da rana, wai kada ƙanshi ya shiga gidan ƙanenta. Ita kuma tana da ranarta guda a shekara, wata Juma'a cikin bazara. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta zuwa fadama. Daga azahar zuwa la'asar tana zaune gindin darbejiyar lungu, ba ta ce wa kowa uffan. Na taɓa tambayarta ko ba ta da lafiya ne. Ta ce, "Zaman makoki nake, Uwata. Yau aka kashe shi."

Na ce, "Ba kin ce ya tashi ba?"

Ta ce, "Jibi zai tashi. Yau dai ya mutu. Ba a tsallake yau."

Sai da na girma, ina makarantar horon malamai, na yi ƙarfin halin tambayarta abin da ya kai ta. Tana ɓare gyaɗa da haƙori ta ba ni labarin. Ta ce ranar da ta isa asibitin, wata ma'aikaciya 'yar kudancin Zariya ta zaunar da ita, ta ɗauki ƙafar nan mai wari ta ɗora a cinyarta, ta kwance tsumman da hannunta. Shekara biyu rabon da wani ya taɓa ta. Don kunya ta kasa kallon matar, sai ta ɗaga kai, ta ga itace biyu a gicciye jikin bango. Ta ce wannan fa? Matar ta ce a kan irinsa aka kashe Ubangijinsu.

"Na yi dariya," in ji Gwaggo. "Na ce ku kuwa wane irin mutane ne? A kashe naku, ku ɗauki abin da aka kashe shi da shi ku rataye a ɗaki? Ba ta ji haushi ba, ta ci gaba da wanki. Shekara huɗu ina jin labarin ina watsarwa. Amma ki duba, Uwata. Ni duk inda na juya ana ce mini laifi na yi. Nan aka ce ga wanda bai yi laifin komai ba, an fitar da shi bayan gari, an huda masa hannuwa da ƙafafu, masu wucewa suna kau da kai suna tofar da yawu. Na ce to, wannan ɗan garinmu ne. Suka ce laifin mutane ya ɗauka a wurin, har nawa. Na ce in dai da gaske wani laifi ne ya jawo mini wannan cuta, to an riga an ɗauke, kowa ya sakar mini mara."

Ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina. Wai yana rataye yana roƙa wa masu buga ƙusar gafara. Ni har yau ban gama yafe wa mutumin Darki ba. Kullum sai in yafe da safe, kafin la'asar na karɓe abina."

Ni Musulma ce, a kan haka zan mutu in sha Allahu, kuma ba ta taɓa ce mini in bi ta ba. In lokacin salla ya yi ita ke cewa, "Tashi, Uwata, an kira." Abin da ta faɗa nake rubutawa, yadda ta faɗa.

Cocin nasu a da ɗakin ƙasa ne a bakin gari, da rufin kwano mai tsatsa. Ba su fi talatin ba: 'yan ƙauye, masu gadi, malaman makaranta biyu. Wani tsoho mai bishara ne ke ja musu sujada. Akwai abin da suke kira jibin Ubangiji, ɗan gutsuren burodi da kurɓin jan ruwa, wai tunawa da jikinsa da jininsa. Kofi ɗaya ke zagayawa. In ya zo kan Gwaggo, da yake ba ta iya riƙewa, tsohon ne ke kai mata baki, na kusa da ita ya karɓa ya sha. Gicciyen da ke gaban ɗakin wani kafinta kuturu ne ya sassaƙa shi a asibitin, ya ɗan karkace, don shi ma yatsunsa ba su cika ba.

Sai shekarun nan suka zo da kowa ya haukace. Tankoki da tireloli suka cika gada, buhunan siminti ko'ina, wanda jiya yake kan keke yau yana cikin mota. Mu ma an rushe masallacin ƙasa na unguwarmu an yi na bulo, Baba ya je Makka ya dawo da haƙorin azurfa. Coci ya cika da manyan ma'aikata da 'yan kwangila da matansu. Suka gina sabo, dogo, suka kawo gicciyen ƙarfe daga Kano, aka zagaye shi da ƙwayayen lantarki, da magariba tun daga kan gada kana hango shi. Aka mayar da tsoho mai bishara Lajawa, aka kawo sabon fasto. Tsohon gicciyen aka jefar da shi bayan gini tare da ragowar katakon kafinta. Gwaggo ta rungumo shi da damatsanta, ta jawo shi tun daga can har lungunmu, gindinsa yana zana layi a ƙasa. Ta jingine shi a kusurwar ɗaki.

Ba a jima ba dattawan coci suka zauna a kanta. Wai wasu mata sun ce ba za su iya sha bayanta ba. Aka ce ta riƙa sha daga ƙarshe. Bayan wata biyu aka ce ƙarshen ma bai yi ba, aka ware mata wani kofin roba, aka ɗaura masa jan zare don kada ya ɓace cikin sauran. Aka kuma nuna mata benci na bakin ƙofa, wai ta fi samun iska. Ranar da ta gaya mini ba ta yi kuka ba, awakinta ta yi ta zagi. Ta ce, "Ƙwaryata ta Kausani ce ta biyo ni har nan."

Na ce, "To ki daina zuwa mana, Gwaggo."

Ta ce, "Gidan ubansu ne?"

Kowace Lahadi tana kan bencinta. Sau ɗaya ta kasa danne bakinta. Shugabar matan nan ta zo wucewa da gicciyen zinare a wuya, ta tattare zanenta kada ya shafi Gwaggo. Gwaggo ta ce da ƙarfi, a gaban kowa, "Naki yana ƙyalli, Uwargida. Nasa ƙudaje ne suka bi shi. Ni na san abin da ke bin miki in rana ta take." Aka kai ƙararta wurin fasto, aka ce ta tuba. Ta ce ta tuba da ɗaga murya, amma maganar tana nan.

Shekara uku da suka wuce wani bijimi ya tsinke igiya a kara, ya soki Baba a cinya. Aka kai shi Kano aka ɗinke, aka dawo da shi, ciwon ya koma ya ruɓe. Ƙafar ta kumbura, ɗakin ya ɗauki wari, Inna tana shiga take fitowa da amai. Ana ta maganar yanke ƙafa. Gwaggo ta zagayo ta zaure, karo na farko cikin shekarun nan, da tafasasshen ruwan gishiri a kwano. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ce, "Auta, miƙo ƙafar." Ya juya fuska bango, amma ya miƙa.

Wata biyu tana zuwa safe da yamma. Da dungun hannu take matse ruɓar, ta kama bakin bandeji da haƙori ta ɗaure. Abin da aka yi mata ne take yi, ta san shi sarai. Wata rana tana sunkuye, ɗan gicciyen ya zamo daga rigarta yana lilo a kan cinyarsa. Ina tsaye da kwano. Baba ya ce, "Mayar da shi." Kalma uku ke nan, su ne kaɗai na ji ya faɗa mata a wata biyun. Ta tura shi ciki da haɓarta ta ci gaba. Ƙafa ta warke, sai ɗan ɗingishi. Da ya fara fita masallaci, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce allurar Kano ce ta yi aiki. Gwaggo ta koma shiga ta lungu.

Kada in yi ta lissafa na wasu in tsallake nawa. Shekarar da na fara koyarwa, ta zo makaranta ta kawo mini zogale da gyaɗa a ƙullin tsumma, don ta ji an ce ba na karyawa. Ina tsaye da sauran malamai, da sabon takalmi mai tsini. Wata malama ta ce, "Wace ce wannan?" Na ce, "Wata maƙwabciyarmu ce." Gwaggo tana nesa da ni taku uku. Ta ajiye ƙullin a kan dakali ta ce, "Saƙo ne daga gidanku, Malama," ta juya. Sati guda na kasa zuwa lungu. Da na je, na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Tashi, Uwata. Shi ma Ubangijina, babban abokinsa sau uku ya ce bai san shi ba, a ranar da ya fi bukatarsa. Ke sau ɗaya kika yi." Na fara jin sanyi a raina, sai ta ce, "Amma fa ya yi zafi. Kada ki ƙara."

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, ƙirji ne, kwana tara. Ina wurin ta cika, kanta a cinyata.

Sai maganar wanka ta taso. Matan unguwa suka ce ba hurumin su ba ne, kuma gaskiyarsu. Matan coci suka ce a jira fasto, ya tafi Kano taro. Rana tana yi, gawa tana kwance. Sai ga Inna ta zagayo lungu da bokiti da sabulu, ita da ba ta taɓa shiga ɗakin ba sai dai ta miƙa hatsi daga ƙofa. Ta ce, "Shekara ashirin ina karɓar albasarta ina ɓoyewa. Ta kuma tsamo mini miji daga bakin kabari. Kama mini, ke." Mu biyu muka wanke ta. Ban san yadda Kirista suke yi ba, Inna ma ba ta sani ba, muka dai yi da tsabta da mutunci. Da muka naɗe ta da farin yadi, Inna ta tsaya tana kallon baƙin zaren nan. Na zaci cirewa za ta yi. Sai ta zaro ɗan gicciyen ta ɗora shi a kan yadin, a fili. Ta ce, "Ɓoyon ya isa haka."

Bayan la'asar tsoho mai bishara ya iso daga Lajawa a kan keke, jiƙe da gumi. Tare da shi akwai wasu dattawa biyu da suka yi zaman asibiti da Gwaggo, su ma hannuwansu irin nata. Akori-kurar matan coci ta riga ta tafi, wai mai ita yana da lodi. A kurar ruwa aka ɗora ta. Mu mata ba ma bin gawa, amma na bi, ban kuma tambayi kowa ba. Dattawan nan biyu suka haƙa kabarin a gefen filin coci, fartanya ɗaure a hannu. Tsohon ya yi addu'arsu. Ya kafa tsohon gicciyen nan na kusurwar ɗakinta a wajen kai. Gara ta ci gindinsa, ya karye, sai da ya rage tsawo, bai wuce gwiwata ba. Ni kuma na tsaya ban san abin da ya halatta in ce ba. Na ce a raina, ya Allah, kai ka halicce ta, ka ga abin da ta gani a hannunmu, mu da su. Ba ni da abin da zan koya maka a kanta.

Kwana bakwai bayan haka Baba ya sa aka fasa ƙofar da ya toshe, aka share ɗakin, aka mayar da buhunan dusa. Awakin aka kai kara. Ina tsaye ina kallon masu aiki ya kira ni zaure. Ya kashe rediyo. Ya daɗe yana murza carbi, ba ya kallona. Can ya ce, "Kina wurin, ko?"

Na ce, "Ina wurin."

Ya ce, "Da za ta cika... ta ambace ni?"

Ta ambace shi. Shi ne ma maganarta ta ƙarshe. Ba ta yi zancen coci ba, ba ta yi zancen mutumin Darki ba. Ta buɗe ido ta ce, "Uwata, ki gaya wa Auta ya daina tsayuwa cikin rana a kara ba hula mai faɗi. Tun yana yaro rana ke sa masa haɓo." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Na dubi mahaifina, da furfurarsa, da ƙafar da yake takawa. Na ce, "Ba ta ambace ka ba, Baba."

Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To." Ya tashi ya shiga gida yana ɗingishi, ya manta rediyon a kan tabarma.

Yau kwana talatin da uku ke nan ina riƙe da saƙon. Na san da tana nan da ta wanke ni tas, ta ce ba ni aka aika in yi hukunci ba, aike kawai aka ba ni. Kowace Juma'a ina ganinsa ya nufi kara da 'yar hularsa, rana tana dukan ƙeyarsa. Sau biyu na je har zaure da niyyar faɗa, na gaishe shi, na tambayi ƙafa, na taso. Baba ba ya karatun boko. Duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, in ya san gidanmu, ya je ya karanta masa. Ni dai har yanzu bakina ya ƙi buɗewa.